Kafin ka sa hannu: yadda ake cin moriyar lauyoyin gwamnati

Ɗan ƙanwata aka yi wa ƙarin girma zuwa mataimakin darakta a wata ma'aikata. Da ya zo gaishe ni, bayan ya sha ruwa, sai ya ce, "Kawu, wai a wane mataki ake tura fayil Ma'aikatar Shari'a?" Na yi dariya, na ce masa da wannan tambayar kaɗai ya wuce rabin ogannin da na yi aiki da su, don su ba sa tuna muna nan sai ranar da ma'aikacin kotu ya tsaya a bakin ƙofa da sammaci. Shekara 27 na yi ina lauyan gwamnati a wata jiha ta Arewa. Na fara da ɗaukar wa manya littattafai zuwa kotu, na daɗe a sashen da ke kare gwamnati in an yi ƙararta, an kuma taɓa ba da ni aro ga wata ma'aikata na zauna musu shekara 4. Abin da na gaya wa yaron nan a kan tabarma shi na faɗaɗa a nan, saboda duk wanda aiki ya kai shi ga sa hannu da sunan gwamnati.

Ka fara sanin da wa kake magana

Sashe na 195 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha za ta sami Antoni Janar, shi ne babban jami'in shari'a na jihar kuma Kwamishinan Shari'a, kuma ba a naɗa wanda bai shekara 10 da zama lauya ba. Sashe na 150 ya faɗi kwatankwacin haka a tarayya, inda yake zama minista. Shi muƙaminsa na siyasa ne, gwamnati ta zo da shi, ta tafi da shi. Wanda za ka fi cin karo da sa hannunsa a takarda shi ne Solisita Janar, wanda galibi shi ne Babban Sakataren ma'aikatar, sai daraktocin da ke ƙarƙashinsa. Akwai sashen gabatar da ƙararrakin laifi, wanda kowa ke kiran daraktansa DPP. Akwai namu, na shari'un da ba na laifi ba, irin bashi da fili da kwangila da kora daga aiki. Akwai masu tsara dokoki, mutane shiru-shiru da za su iya kwana a kan waƙafi guda. A manyan ma'aikatu da hukumomi kuma za ka tarar da ofishin lauya a cikin gida. In akwai shi a wurinku, ta nan za ka fara, shi ya san abin da zai iya yankewa da abin da sai ya miƙa sama.

Abu ɗaya nake so ya zauna maka tun yanzu. Kujerar da kake kai ita lauyan nan yake karewa. In ka yi aikin ofis bisa ƙa'ida aka maka ka a kotu, zai tsaya maka har ƙarshe. In kuwa ka fake da kujerar ka cinye filin maƙwabcinka, ko ka kwaɗa wa direba mari, kada ka yi mamaki in aka ce ka je ka ɗauki lauya da kuɗin aljihunka. Na sha ganin fuskar manya ta canja a daidai wannan gaɓar.

Kwangila

Daftari ake turowa. Na nanata, daftari, wanda ba a sa wa hannu ba. Ba zan iya ƙirga sau nawa masinja ya dire mini fayil an rubuta "a duba cikin gaggawa" da jan biro a samansa ba, in buɗe in ga an sa hannu tun mako 3 da suka wuce, har an biya kuɗin kafin alƙalami. To me zan duba? Sai dai in rubuta muku jerin ramukan da kuka riga kuka faɗa.

In daftarin ya zo a kan kari, ga abin da muke bi. Kamfanin nan yana da rajista kuwa, kuma wanda zai sa hannu a madadinsa yana da ikon ɗaure shi? Wa ya amince da kwangilar a ɓangarenmu, kuma kuɗin bai wuce iyakar da aka ba shi ikon amincewa ba? An bi dokar ba da kwangila? A tarayya dokar 2007 ce, jihohi kuma suna da nasu. An fayyace aikin ta yadda in an zo gardama za a iya aunawa, ko an rubuta "gyaran makaranta" kawai an bar wa Allah sauran? In za a ba da kafin alƙalami, wane banki ne ya tsaya wa ɗan kwangila in ya gudu? Gwamnati tana da ƙofar fita in aikin ya tsaya? Sannan sai sakin layin da kowa ke tsallakewa saboda yana can shafin ƙarshe: in an sami saɓani, a ina za a warware shi, da dokar wace ƙasa, a gaban wa.

Wanda yake ganin wannan ƙaƙale ne na lauyoyi, ya tuna da P&ID. A watan Janairun 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta tarayya ta sa hannu da wannan kamfani a kan yarjejeniyar shekara 20: Najeriya za ta kai iskar gas, kamfani zai gina masana'antar sarrafa ta a Kalaba. Ba a kai gas ba, ba a aza tubali ba. Kamfani ya tafi gaban masu sasanci, a 2017 aka yanke wa Najeriya hukuncin biyan dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har abin ya kai kimanin dala biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 wata babbar kotu a Landan, ƙarƙashin Mai Shari'a Robin Knowles, ta ce da zamba aka samu wannan hukunci. Abin da ya fi yi mini ciwo a matsayina na ɗan wannan sana'a shi ne abin da kotun ta gano: kamfanin ya ba daraktar shari'a ta ma'aikatar cin hanci, sannan takardun sirri da ke tsakanin Najeriya da lauyoyinta sun riƙa faɗawa hannunsa ana tsakiyar shari'a. Ba na ɓoye wannan in ina wa'azin a zo wurinmu. A cikinmu ma akwai ɓara-gurbi. Shi ya sa in kwangila ta yi nauyi, kada ka tsaya ga lauya ɗaya na cikin gida, ka nemi ta je hedikwatar Ma'aikatar Shari'a idanu da yawa su gan ta.

Ka kuma yi hattara da abin da ake kira takardar fahimtar juna, wadda ake sa wa hannu a otal ana ɗaukar hoto. Ana ce maka ai ba kwangila ba ce. Alƙali ba ya tsayawa a kan sunan da aka rubuta a sama, abin da ke ciki yake karantawa. In akwai alkawarin ba da fili ko biyan kuɗi a fayyace, kana iya wayar gari ka ga ka ɗaure jiharka.

Kora da ladabtarwa

Nan ne gwamnati ta fi shan kaye, kuma mafi yawan lokaci ma'aikacin ya yi laifin da gaske. Hanyar ce ake ɓatawa. Oga ya fusata ranar Litinin, ranar Laraba takardar sallama ta fita. Ma'aikacin da doka ta tsara yadda ake ɗaukarsa da yadda ake korarsa ba a sallamarsa kamar yaron shago. Sai an ba shi takardar tuhuma da ta faɗi laifin dalla-dalla, an ba shi lokacin amsawa, an bar shi ya ga hujjojin da ake da su a kansa, ya bayyana a gaban kwamiti, sannan hukumar da ke da ikon korar ta yanke, wadda a yawancin lokuta Hukumar Kula da Ma'aikata ce.

Sashe na 36 na kundin tsarin mulki, na haƙƙin a saurari mutum, shi ne wuƙar da ake yanka mu da ita. Kowane ɗalibin lauya ya karanta shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986. Ɗalibai aka kora bayan tarzoma. Kotu ta soke korar, daga cikin dalilanta har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, kuma zarge-zargen manyan laifuka irin su ƙone-ƙone kotu ce ke da hurumin yanke su. Darasin da za ka ɗauka ofis: wanda aka yi wa rashin kunyar, ko wanda ya rubuta ƙorafin, ba ya zama a kwamiti. In ka kuskure wannan, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta iya mayar da mutumin bakin aikinsa, a biya shi albashin duk shekarun da ya yi a gida, ku ci gaba da haɗuwa a masallacin sakatariya.

Fili

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, sashe na 28, ta ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka saboda buƙatar jama'a. Amma sai jami'in da gwamna ya ba izini ya sa hannu, sai an miƙa wa mai filin sanarwa, akwai kuma batun diyya. Kada katafila ta riga takarda isa wurin. Ka ajiye shaidar cewa sanarwar ta shiga hannun mutumin, don a kan wannan 'yar takardar ake faɗuwa.

Yadda ake haɗa fayil ɗin

Ka rubuta tambaya. "Don shawararku" ba tambaya ba ce. Ka ce, "Muna so mu soke wannan kwangila saboda ɗan kwangila ya bar wurin aiki wata 8. Muna da ikon yi? Ta wace hanya? Me zai iya biyo baya?" Ka jero abin da ya faru da kwanan wata, shafi ɗaya ya isa. Ka faɗi ranar da kake buƙatar amsa da dalili. Ka sa sunan jami'in da ya san maganar da lambar wayarsa, ba wanda aka canja wa wurin aiki bara ba.

Sannan ka turo fayil ɗin gaba ɗaya, har da takardar da kake jin kunyarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na koyi wannan a tsaye a gaban alƙali. Wani ɗan kwangila ya yi ƙarar wata ma'aikata yana neman cikon kuɗinsa. Fayil ɗin da aka ba ni tsaf yake, babu inda aka nuna ya kammala aiki, na rubuta kariya da ƙarfin gwiwa cewa bai gama ba. Ranar sauraro, shaidanmu na cikin akwati, lauyan ɗaya ɓangaren ya zaro wata wasiƙa mai hatimin ma'aikatar, ya miƙa masa, ya ce ya karanta da ƙarfi. Wasiƙar yabo ce, ana gode wa kamfani bisa kammala aiki a kan lokaci, da sa hannun daraktan da ya kawo mini fayil da kansa. Alƙali ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Lauyan gwamnati, kana da abin cewa?" Na miƙe na ce, "Ya Mai Shari'a, ina roƙon a ɗage." Da muka fito na ce wa daraktan, "Yallaɓai, ina wannan takarda ta shiga?" Ya ce, "Barista, ai gani na yi za ta ɓata mana shari'a, shi ne na cire." Da na gan ta tun farko, da na ce a kira mutumin a zauna a biya shi a hankali. Sai da muka biya cikon, da kuɗin ruwa, da kuɗin ɗawainiyar shari'a.

Abin da ka gaya wa lauya a kan aiki sirri ne, ko dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta keɓe irin wannan. Amma kai ma ka riƙe amanar. Shawarar da aka rubuto maka ba ta zaman guruf ɗin WhatsApp ba ce. Tunda na ambaci wannan doka: in wani ya rubuto yana neman bayani a ƙarƙashinta, kwana 7 ta ba da a amsa, don haka a ranar za ka nuna wa lauya, ba bayan hutun sallah ba.

In sammaci ya iso

A karɓa. Gudun ma'aikacin kotu ba ya hana komai, zai koma ya nemi izini ya liƙa a bango. A buga hatimi, a rubuta rana da lokaci, a tura ofishin lauya a ranar. Kowace kotu tana da wa'adin shigar da amsa, kuma lissafin yana farawa daga ranar da takardar ta shigo ofishinku, ba ranar da ta fito daga durowar sakatare ba. Haka takardar gargaɗin shiga kotu, wadda dokokin hukumomi da yawa suka wajabta a aiko kafin a yi ƙara. Mutane suna ɗaukarta barazana su jefa a kwando. A wurina ita ce dama ta ƙarshe ta sasantawa da araha.

Za ka ji ana cewa ai akwai dokar kare jami'an gwamnati, wanda bai yi ƙara cikin wata 3 ba ya makara. Akwai ta, mun kuma ci shari'u da ita. Sai dai ba ta rufe rikicin kwangila, ba ta rufe neman dawo da fili, ba ta kuma kare wanda ya fita daga hurumin ofishinsa da mugun nufi. Kada ka jingina da ita kafin lauya ya ce ta shafe ka.

Lauya ba ya ba da shaida, ku ne za ku bayar. Ka ware jami'in da ya ga abin da idonsa, ka ba shi kuɗin mota, ka bar shi ya zo mu zauna kafin ranar. Takardar rantsuwa kuma ka karanta ta layi-layi kafin ka sa hannu, domin kai za a yi wa tambayoyi a kanta.

Yanzu maganar da ta fi jawo mini baƙin jini. Da zarar magana ta shiga kotu, a tsaya. In kotu ta ba da umarni, a bi, ko da kana ganin alƙali ya yi kuskure, mu je mu nemi a janye ko mu ɗaukaka ƙara. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar gwamnan soja na Legas da Ojukwu. Gwamnati ta tura 'yan sanda da makamai suka fitar da shi daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban kotu, aka ce ta mayar da shi ta ƙi, sannan ta je Kotun Ƙoli neman sauƙi. Kotun ta ƙi ba ta, ta kuma yi mata faɗa mai zafi, a zamanin soja ke nan. A yau, in ka take umarni, za a kawo maka Fom 48, gargaɗi ne. In ka ci gaba sai Fom 49, ka zo ka faɗi dalilin da zai hana a tura ka gidan yari. Sunanka ne a jiki, na wanda ya ba ka umarni ta waya ba ya ciki.

In an yanke hukunci bai yi mana daɗi ba, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne a hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 a hukuncin tsakiyar shari'a. In lauya ya ce babu abin ɗaukakawa, a sa kuɗin a kasafi a biya. Ɗaukaka ƙara don jan lokaci kawai tara wa wanda zai gaje ka kuɗin ruwa ne, wata rana kuma a ji an nemi kotu ta riƙe asusun ma'aikata ana gab da biyan albashi.

In shawarar ba ta yi wa oga daɗi ba

Zai faru. Za ka kai wa kwamishina takarda ya karanta ya ture, ya ce lauyoyin nan ba su san siyasa ba. Kada ka yi musu a tsaye. Ka koma wurin lauyan ka ce, "Ga inda ake so a je, akwai halattacciyar hanya?" Sau tari akwai, ta dai fi tsawo da mako 2 ko 3. Lauyan da ya iya aikinsa ba ya tsayawa a "ba ya yiwuwa", in kuma ka haɗu da mai tsayawa a nan, ka nemi daraktansa. Mu ma muna da laifinmu: fayil yana iya kwana wata guda a teburin lauya ɗaya mai shari'u a kotu uku. Ka bi sawu da ƙafarka, ka san sunan wanda aka miƙa wa.

In duk da haka aka ce a yi gaban kai, ka tabbata shawarar a rubuce take, tana cikin fayil, da lambar shafi. Ka yi minit, wato ɗan rubutu a cikin fayil, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ga shawarar Ma'aikatar Shari'a a shafi kaza, ina neman umarni." Ka bar shi ya rubuta da hannunsa. Na ga umarni da yawa sun narke a daidai lokacin da aka miƙa biro. Kada kuma ka zagaya ka ɗauko lauya mai zaman kansa don ya faɗi abin da ake son ji. Ɗaukar lauyan waje ya wakilci gwamnati yana da hanyarsa, ta ofishin Antoni Janar take bi.

Ga wanda ba ma'aikaci ba

Ɗan ƙanwar tawa bai tambayi wannan ba, amma a unguwa ita ce tambayar da aka fi tare ni da ita: ɗanmu yana tsare, an ce ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Ma'anarta, laifin da ake zargi ya fi ƙarfin kotun majistare, 'yan sanda za su tura kundin bincike ofishin DPP a duba ko akwai hujjar gurfanarwa a Babbar Kotu. Sashe na 211 ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, karɓe ta daga hannun wani, ko dakatar da ita. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba da kwana 14 a fitar da shawara bayan kundin ya iso, jihohi kuma kowace da tata dokar.

Kafin ka zargi kowa, ka gano inda kundin yake, don sau da yawa bai ma bar hannun ɗan sanda mai bincike ba. Ka karɓi lambar shari'ar a wurin rajistaran kotu, ka tambayi ranar da aka tura kundin da lambar wasiƙar da ta raka shi, ka je da su rajistar Ma'aikatar Shari'a. In ya iso, ka rubuta takardar tuni zuwa ga Antoni Janar, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Shawarar ba ta kuɗi ba ce, wanda ya ce ka kawo wani abu don ta fito da wuri ka nemi ganin darakta. Ka kuma tuna lauyan da ke wannan ofis shi ne mai gabatar da ƙara, ba zai kare ɗanka ba. In ba ku da halin ɗaukar lauya, ku nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da ke babban birnin jiharku, ku tafi da lambar shari'ar da sunan gidan gyaran halin da yake tsare.